Takardar da Ma'aruf Bai Sa wa Hannu Ba

A layin 'yan albasa na Kasuwar Relief da ke Anacha, in ka tambayi Ma'aruf Indabawa sai a tsaya ana tunani. Ka ce Sai-Kano kuwa, ko 'yan dako za su nuna maka rumfarsa. Dogon mutum ne siriri, ya ba hamsin baya, idanunsa kullum jajaye saboda yajin albasa. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya ƙarya a ciniki. In akwai ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu, shi zai zazzage ya nuna maka tun ba ka tambaya ba, abin da ya sa mata masu abincin sayarwa suke layi a gabansa, ya kuma sa bai taɓa yin arzikin a zo a gani ba. Na biyu, gudu. Ma'aruf zai ji an ce an ce da hantsi, kafin la'asar ya rufe rumfa ya ɗora iyalinsa a tirela, sai Kano. Daga nan sunan ya samo asali.

Masu yi masa dariya yawancinsu sababbin zuwa ne, ba su san abin da ya sa shi haka ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya baro unguwar Indabawa a saman buhunan albasa, ya sauka Anacha bai san ko sannu da yaren garin ba. Ya yi dako, ya kwana a barandar masallaci, a hankali har ya samu rumfa tasa. Da abin ya fara kyau ya koma gida ya auro Zainabu, ya kuma ɗauko ƙanensa Jabir, bayan ya sha fama da mahaifiyarsu, wadda ta ce ɗa ɗaya ya ishi Kudu. Ma'aruf ya dafa ƙirji ya ce mata Jabir amanarsa ne.

Shekarar da babban rikici ya tashi, wani direba ya zo har rumfa ya ce masa ga wuri a mota, su tafi yau. Ma'aruf ya dubi albasar da aka sauke masa shekaranjiya, ya ce a bari zuwa jibi, wataƙila abin ya lafa. Washegari da safe Jabir ya fita ya duba ko an rufe kayan da tamfol. Bai dawo ba. Mai gidan da suke haya a unguwar Fegge ta Anacha, wani tsoho Ibo mai gyaran agogo, shi ya ɓoye Ma'aruf da Zainabu a cikin silin kwana uku, yana miƙa musu burodi da ruwa. Da ƙura ta lafa Ma'aruf ya bi asibitoci, ya bi barikin da jama'a suka fake, ya bi bakin kogi, ko takalmin Jabir bai samu ba. Shi ya je Kano ya durƙusa gaban tsohuwa ya faɗa mata da bakinsa. Ba ta zage shi ba. Ba ta kuma ƙara ambaton sunan Jabir a gabansa ba har ta koma ga Allah, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Ya gwada zaman gida shekara guda. To amma a Kano kowa ɗan albasa ne, wa zai saya wa wa? Dole ta sa ya dawo garin da ya cinye masa ƙane, don nan ne tuwonsa yake. Sai dai ya dawo da doka guda wadda ba ya tattaunawa a kanta da kowa: in aka ji motsi, a tafi, a yi tambaya daga baya. Zaɓe ya zo, a tafi. An yi faɗa a wani gari mai nisa, a tafi. Motocin da suka kawo albasa sukan koma Arewa da jarkokin manja, a samansu iyalin Ma'aruf suke zama, rana ta dake su, ruwa ya dake su, shi kuma ba ya sakin numfashi sai an wuce Lakwaja. Sau bakwai ya yi wannan gudu, sau bakwai ko kwalba ba a fasa a Fegge ba. In an tsokane shi sai ya yi murmushi ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Cikin wannan kai da kawo Siddiƙa ta tashi, ita ce babba a 'ya'yansa mata uku. A Fegge aka haife ta, tana jin Ibo kamar an yanke mata cibiya da shi, Hausarta kuwa har 'yan'uwa a Kano suna kwaikwayonta suna kiranta 'yar Anacha. Ma'aruf bai yi boko ba, allo ne kawai ya kai shi izu goma, amma ya sa ta a makaranta saboda ya gaji da neman wanda zai karanta masa takardar hukuma. Yarinyar nan ta shiga karatu kamar mai jin yunwa. Ta samu shiga wata sakandaren 'yan mata mai suna a garin, ita kaɗai ce Bahaushiya a ajinsu, kuma tun daga aji ɗaya ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba, duk da makonnin da gudun ubanta yake cinye mata. 'Yan layi suka riƙa cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ma'aruf yakan yi dariya, a ransa kuwa ji yake kamar an ba shi kujerar Makka. Ta ce masa harhaɗa magunguna za ta karanta a jami'a. Bai san mene ne wannan ba, amma ya faɗa wa duk wanda ya tsaya a rumfarsa.

A bana ta zauna jarrabawar WAEC ta gama sakandare. Makarantar ma ba ta matsa a yi mata rajistar ɗaya jarrabawar ta NECO ba, malamai suka ce irin Siddiƙa ba ta buƙatar abin jingina. Ta rubuta darussa shida lafiya lau. Saura uku, Turanci da lissafi da kemistiri, waɗanda in babu su ba jami'ar da za ta dube ta.

Ranar wata Laraba bayan azahar wani saƙon murya ya faɗo a wayoyin 'yan kasuwa. Wani mutum ne da ba wanda ya san shi, yana haki, yana rantsuwa cewa an tare matafiya 'yan Kudu a Arewa, kuma kafin Juma'a za a rama a Anacha, duk mai iyali ya kwashe. Wasu suka saurara suka yi tsaki suka ci gaba da awo. Ma'aruf ya saurara sau ɗaya, ya ja tamfol.

Da ya iso gida ya tarar da Siddiƙa a tsakar gida da littafin lissafi a cinya. Ya ce su haɗa kaya, mota za ta tashi bayan la'asar.

Ta ce, “Baba, gobe lissafi ne.”

Ya ce, “Lissafi ba ya tashin gawa. Tashi.”

Zainabu, wadda ta yi gudu bakwai ba ta taɓa musu ba, ranar ta buɗe baki. Ta ce, “Malam, ka bar ta ko ita kaɗai. Shekara shida fa tana karatun nan.” Ko kallonta bai yi ba. Siddiƙa ta ɗauki wayar uwarta ta kira mataimakiyar shugabar makarantarsu, Madam Obiageli, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta. Ba a yi minti arba'in ba sai ga matar a keken haya mai ƙafa uku, ko ɗankwali ba ta tsaya ɗaurawa daidai ba. Ta tsaya a ƙofar gida tana roƙonsa da burokan, wato Turancin kasuwa, Siddiƙa tana fassara abin da ya kuɓuce masa. Ta ce ya bar yarinyar a gidanta, ɗaki ɗaya za su kwana, mijinta ya yarda, duk abin da zai taɓa Siddiƙa sai ya fara bi ta kanta.

Ma'aruf ya rusuna ya yi mata godiya da gaske, don ya san mutanen kirki in ya gan su, a silin ɗin wani irinta ya taɓa kwana uku. Sannan ya ce, “Ki gaya mata na taɓa barin wani a baya.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Siddiƙa ta hau tirela da littafinta a hannu, ta yi kuka tun daga kan gadar kogin da ke bakin gari har hawayen suka ƙare.

Juma'a ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Sai da suka yi kwana goma sha ɗaya a Kano kafin hankalinsa ya kwanta ya samo motar dawowa. Suka tarar an gama jarrabawa, 'yan layi suna tambayarsa ko ya kawo musu tsarabar gurasa.

Sakamako ya fito a watan Agusta. Tare suka je shagon kwamfuta da ke bakin titi, aka buga musu a takarda. Siddiƙa ta duba sau ɗaya ta miƙa masa. Ya juya takardar, ya ce ta karanta masa. Ta karanta ba tare da muryarta ta motsa ba: A biyar, B ɗaya. A gaban sauran ukun kuwa haruffa uku ne iri ɗaya, masu nufin ba ta zo ba. Mai shagon ya leƙa ya girgiza kai, ya tambaye ta da Ibo ko ciwo ta yi. Ta ce a'a, tafiya ta yi. Ma'aruf ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ranar ko kasuwa bai koma ba.

Madam Obiageli ba ta haƙura ba. Ana saura mako biyu a koma makaranta ta aiko a kira shi. Ta ce ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar tana ɗaukar nauyin yarinya ɗaya duk shekara, wadda wani dalili ya kayar ba rashin ƙoƙari ba. Yarinyar za ta maimaita aji shida, ta zauna a ɗakin kwanan makaranta, ta sake jarrabawa, ba a neman komai daga iyayenta. Ta yi ta fama da matan nan har suka yarda da Siddiƙa. Amma sun ji labarin abin da ya faru, don haka suka kafa sharaɗi. Uban zai sa hannu a takarda cewa daga ranar da aka buɗe makaranta har a ajiye biro a jarrabawar ƙarshe, ba zai zo ya ɗauke ta ba sai lokacin hutu, ko me ya ji a gari. In bai sa ba, akwai wata yarinya da ke jira.

Gidan Ma'aruf ya cika da murna kamar ana Salla. Zainabu ta fasa asusunta ta sayo bokiti da gidan sauro da akwatin ƙarfe. Siddiƙa ta wanke kayan makarantarta ta goge, ta dawo tana dariya da ƙannenta, abin da aka yi wata uku ba a ji ba. Ma'aruf kaɗai ne bai shiga murnar ba. Bayan sallar la'asar wata rana ya tsaya har jama'a suka watse, ya matsa kusa da limaminsu, Malam Muhyiddeen.

Bayan sun gaisa ya ce, “Allah gafarta Malam, sa hannu a takardar boko, shi ma alƙawari ne?”

Malam ya ce, “Alƙawari ne mana. Ko da baki ka faɗa ya hau kanka, balle ka dangwala.”

“To in mutum ya sa, alhali ya san in abu ya taso ba zai iya cikawa ba fa?”

Malam ya dube shi, ya gane inda aka dosa. Ya ce, “Ma'aruf, ka sa hannu ka kuma cika. Abin da ya samu Jabir rubutacce ne. Da kun hau motar nan ma, in kwanansa ya ƙare, a hanya zai same shi. Shekara nawa za ka yi kana gudun abin da ya riga ya wuce? Ka bar yarinyar nan ta yi karatunta, Allah ne mai tsarewa.”

Ma'aruf ya ce haka ne, ya yi godiya ya tashi. Duk abin da Malam ya faɗa ya yarda da shi, ya sha faɗa wa kansa ma. Amma ya san ƙafafunsa ba sa jin wa'azi. Ya san ranar da wani saƙo zai sake faɗowa a waya, ko katangar makarantar ta kai sama sai ya haura.

Ranar komawa makaranta suka tafi su biyu a keke, akwati a kan cinyarsu. Harabar ta cika da iyaye da ɗalibai, ana ta sauke kaya, 'yan mata suna ihu suna rungumar juna. A jikin allon sanarwa an liƙa sunayen waɗanda suka yi fice a jarrabawar bana, Siddiƙa ta wuce ba ta ɗaga kai ba. A kan benci a ƙofar ofishin Madam wata siririyar yarinya tana zaune da uwarta, da 'yar jakar leda a gabansu. Ba sai an gaya wa Ma'aruf ko su wane ne ba.

Madam Obiageli ta tarbe su da fara'a, ta tura masa takardar da biro, ta nuna wurin da zai sa hannu. Ya ce Siddiƙa ta karanta masa da Hausa. Ta karanta. Ya ce ta sake, ta sake.

Ya ce, “Tambaye ta, in gari ya rikice na zo, za a buɗe mini ƙofa?”

Madam ta ce a'a, ai don haka aka yi takardar. Ta ce suna da masu gadi, suna da katanga, 'ya'yan mutane ɗari shida ne suke kwana a nan. Sannan ta haɗa hannuwanta biyu ta ce, “Oga Ma'aruf, abeg. Na only nine months.” Wannan bai buƙaci fassara ba, wata tara kawai take roƙo.

Ya ɗauki biron. Ya daɗe yana kallon layin da aka nuna masa, har Siddiƙa ta matso ta durƙusa a gefen kujerarsa, ta yi ƙasa da murya yadda Madam ba za ta ji ba.

Ta ce, “Baba, ka sa kawai. Ko ba har zuciyarka ba. In abin ya zo, sai a san yadda za a yi.”

Ya dube ta. Yarinyar da ya raina a kan kada ta ɓoye ko ruɓaɓɓen tattasai, yau ita ce take roƙonsa ya yi ƙarya, kuma shi ya kai ta ga haka. Da wani ne, da ya sa hannun nan ya wuce wurin, in ta yi tsami a ji. Wataƙila ma shekarar ta wuce lafiya ba a ji ko tari ba. Amma Ma'aruf ya ga matar nan da ta tsaya musu, ya ga yarinyar da ke kan benci wadda za a mayar gida saboda shi, ya kuma ga kansa watan gobe ko na jibi yana dukan ƙofar makaranta kamar mahaukaci. Ya taɓa dafa ƙirji sau ɗaya a rayuwarsa, ya san inda abin ya ƙare.

Ya ajiye biron a hankali. Ya ce, “Ki ba ta haƙuri. Ki ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba zan yi mata alƙawarin da na san zan karya ba.”

Siddiƙa ba ta fassara ba. Madam ma ba ta nema ba, ta ga biron a kan tebur. Ta cire tabarau ta goge ido, sannan ta tashi ta leƙa ƙofa ta kira matar da ke kan benci. Da za su fita Siddiƙa ta ajiye wa yarinyar bokitin da gidan sauron a gabanta, ta ce mata da Ibo sababbi ne. Akwatin kuwa Ma'aruf ya ɗora a kai, suka ratsa ta cikin masu shigowa, shi kaɗai ne mai fita da kaya.

Ya yi ta cewa za a san abin yi. Ya ce akwai jarrabawar da ake yi daga waje, ya ce ko a kai ta Kano wajen gwaggonta ta yi a can. Duk abin da ya faɗa sai Siddiƙa ta ce to, Baba. Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba ta daina gaishe shi ba, abincinsa ma ita take kai masa kasuwa. Sai dai in ya kawo maganar rajista sai ta ce a bari tukuna, shi kuma ba shi da bakin matsawa. Zainabu ta daina yi masa hira, sai abin da ya zama dole.

Makonni uku da buɗe makaranta, wata safiya ya fito zai tafi kasuwa bai karya ba, ya tsaya wurin mai ƙosan bakin layinsu. Ta zuba masa, ta yage takarda daga wani littafi da ke gefenta ta naɗe, ta miƙo. Ya yi 'yan taku kaɗan ya buɗe zai ci, sai ya tsaya. Ma'aruf ba ya karanta boko, amma ya san waɗannan haruffan ƙanana masu tsabta, ya san su kamar yadda ya san fuskar mai su. Lissafi ne layi bayan layi, kowane da alamar jan biron malami a gefensa, man ƙosai ya jiƙe rabin shafin.

Ya koma ya tambayi matar inda ta samu. Ta nuna masa kwali cike da littattafai a ƙarƙashin teburinta, ta ce ai 'yarsa ce ta kawo mata shekaranjiya, kyauta ma, ta ce ta gama da su. Ta yaba hankalin yarinyar, ta ce takardar tana da kauri, ba ta yagewa.

Ma'aruf ya tsaya a bakin titi, keke da mutane suna kauce masa, ƙosan yana hucewa a hannunsa. Bayansa mai ƙosai ta sake yage wani shafin ta naɗe wa na gaba.